Ƙotar Ƙirya Mai Ƙafar Zabo

Gangaren Dinya, ta Bunkure
Talata, 9 ga Janairu

Yaya Alamin,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Rukayya da yara. Mu nan lafiya lau. Mahaifinka Kawu Maharazu ƙafar ta yi sauƙi, har masallaci yana zuwa da sanda. Gaisuwar ke nan, yau ba zan ja ta ba.

Jiya Litinin da safe ina bakin kanal ina jera tiyo, don ranar ruwan layinmu ce, sai na hangi wata farar mota ta tsaya a ƙofar rumfar Baba Dattijo masassaƙi. Jami'an tsaro huɗu suka sauko, biyu da kaki, biyu da kayan gida. Na saki tiyo ruwana yana ta shiga gonar maƙwabci, na tsallaka. Kafin in isa sun fito da shi. Ba su dake shi ba, gaskiya zan faɗa, ɗaya ma ya riƙe masa hannu ya hau. Takalminsa ɗaya ya faɗi, 'yarsa Godiya ta ɗauka ta bi motar da shi a hannu har kan gada. Sun tafi da gizagonsa, da ƙarfen da yake ƙona tambari da shi, da wani guntun icen rimi da suka ciro daga saman rumfa. Ina ganin icen nan na gane shi.

Ka tuna bara ka turo min zane, ka ce in kai wa Baba Dattijo ya sassaƙa maka da ƙirya? Na tambaye ka na mene ne, ka ce ado ne, za ka rataye a falo kana tuna gida. Da na kai, Baba ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Sabi'u, wannan ai kamar gindin bindiga." Na ce, "Baba, ado ne, ɗan'uwana ba ya ƙarya." Da bakina na faɗa.

Ka daɗe da barin gida, bari in tuna maka halinsa. Baba ba ya sa gizago a ƙirya a kan sabon aiki sai ya fara gwadawa a rimi, kuma ba ya yar da gwajin, sama yake soke shi. Sannan babu abin da yake fita daga rumfarsa sai ya ƙona masa ƙafar zabo, ko muciya ce. Daga nan har Kadawa duk mai fartanya ya san tambarin nan.

To ga hoton da ka sa a zauren zumunci na waya. Bindiga ce sabuwa fil, kwance a kan tabarmar kaba, ga buta a gefe, ga ƙafar zabo ɓaro-ɓaro a ƙotarta. Babu fuskarka, babu abin da ya nuna ba a nan ba ne. Duk wanda ya gani cewa yake a wani soro aka ɗauka a Bunkure. Wani a cikin dangi ya tura wa abokinsa, kafin kwana uku hoton ya zaga Kura. Kuma sati uku ke nan da 'yan fashi suka harbi direban motar tumatir a hanya, kowa a tsorace yake.

Sun tambayi Baba wa ya kawo aikin, ya ce shi ba ya faɗar sunan mai aiki, tun ubansa ba a yi. Ya aiko Godiya ta ce min kada in kuskura in kai kaina hannu wofi, don in na ce bindigar tana Amurka ba shaida, mu biyu za a rufe, ga matata da ɗanyen goyo.

Abin da nake nema ɗaya ne. Ka ɗauki bidiyo, da fuskarka, da bindigar, da tambarin, a wurin da kowa zai gane ƙasar waje ce, ka haɗa da takardun da ke da sunanka. Yau, ba gobe ba.

Da na kira ka a waya, amma na san bakina. Yaya Saude za ta ɗauki takardar nan a hoto ta turo maka, tunda wayata ta tocila ce.

Ƙaninka,
Sabi'u

*

Houston
Lahadi, 14 ga Janairu

Sabi'u taubashina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai sanyi. Na ji daɗin labarin ƙafar Babana. Ka yi haƙuri da jinkiri, aikin dare nake yi satin nan, sai jiya na zauna na karanta da kyau.

Wallahi raina ya ɓaci da abin da ya sami Baba Dattijo. Amma ka kwantar da hankali ka ji ni, don na ga kamar ka ɗauke ni ɗan ta'adda. A nan haɗa bindiga abin sha'awa ne, kamar yadda kai kake kwance injin ban ruwa ka mayar don jin daɗi. Wani abokin aikina ne ya ja ni. Wata takwas na yi ina sayen kayanta ɗaya bayan ɗaya, a shago mai lasisi, sai da aka binciki sunana kafin a ba ni babban ɓangaren. Irin wadda kowane jan kunama harsashi ɗaya ne, ba ta yaƙi ba ce. Takarda kawai nake harbi a filin gwaji ranar Asabar. Kowa tasa ƙotar roba ce, ni na so tawa ta zama da icen garinmu. Ranar da na kai ta fili sai da mutane suka zagaye ni suna shafa aikin Baba Dattijo. Na yi alfahari da shi, shi ya sa na ɗauki hoton a kan tabarmar da Inna ta ba ni.

Na ce maka ado ne don na san in na ce bindiga ba za ka kai ba. Wannan na amsa, kuskurena ne.

Amma maganar bidiyo, ka yi tunani. In fuskata da sunana suka shiga fayil ɗinsu, ranar da na sauka a Kano da babbar Sallah daga filin jirgi za a wuce da ni. Kai ka san yadda abu yake in ya shiga takarda. Na goge hoton daga zauren, na ce kowa ya goge. Na kuma yi magana da wani lauya abokina a Kano, zai je. Tsoho ne, ba su da komai a kansa sai guntun rimi, sati ɗaya za su gaji su sake shi.

Don Allah kada Babana ya ji da hannuna a ciki. Hawan jininsa.

Ka gaida amarya da jariri. Kai da ka fi kowa haƙuri a dangi, kada ka ba ni kunya.

Yayanka,
Alamin

*

Gangaren Dinya
Alhamis, 18 ga Janairu

Yaya Alamin,

Sallama. Muna lafiya. Jariri yana tari kaɗan. Kawu lafiya, kuma bai sani ba tukuna, kamar yadda ka ce.

Ka ce sati ɗaya. Yau kwana goma sha ɗaya.

Ka ce ka goge hoto. Ka goge a wayarka. Shekaranjiya a kasuwar Bunkure mai sayar da taki ya nuna min shi a tasa, yana ce min, "Ka ga aikin tsohon garinku? Ashe ba fartanya kaɗai yake yi ba." Na tsaya ina kallonsa kamar ban taɓa ganin hoton ba. Ni da na naɗe ƙotar nan da hannuna a tsohon zani na kai kamfanin aika kaya.

Bari in gaya maka abin da alfaharinka ya zama a nan. Jiya na bi ta layin su Mudassiru, na tarar da mutum shida a gindin mangwaro, kowa da fasasshiyar kwalba yana kankare ƙafar zabo daga ƙotar fartanyarsa. Mutanen da Baba ya yi wa aiki tun suna bin iyayensu gona. Ba na ganin laifinsu, tsoro suke ji kada a tare su a hanya. Wasu kuma sun fara cewa dama mutanen gidan Dattijo ba a san cikinsu ba, tunda ba masallacinmu ɗaya ba. Shekara nawa muna cin tuwon Kirsimetinsu suna cin naman layyarmu, yau hoto ɗaya ya sa an tuna.

Godiya tana zuwa wurin Baba kullum da kunu. Ta ce ƙafafunsa sun kumbura saboda zaman siminti, kuma ba ya iya barci in ba ya jin ƙanshin ice. Ba ta taɓa yi min magana mai zafi ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. In ta wuce ta bakin gonata sai ta ce, "Sannu da aiki, Sabi'u," ni kuma in sunkuya kamar ina duba tumatir.

Lauyanka ya zo, mutumin kirki ne, ya yi abin da zai iya. Ga abin da ya ce, na sa ya maimaita sau biyu don kada in yi maka ƙari. Su ba rimin ne damuwarsu ba. Rimi gwaji ne, sun gane. Tambayarsu ita ce ina ta ƙiryar take, a hannun wa, kuma guda nawa aka yi. Muddin ba su gani da idonsu cewa tana wata ƙasa ba, a wurinsu tana cikin dajin nan a kafaɗar wani.

Ka ce kamar ni ne da injin ban ruwa. Injina in na kwance na mayar, ruwa yake fitarwa, kuma ban taɓa yi wa kowa ƙarya don in samu kayansa ba. Ka yi wasanka a ƙasar da aka yarda, ban hana ka ba. Amma ka san a nan ba a yarda ba, ka sani sarai, shi ya sa ka ce ado. Ka zauna a inda doka ta rufa maka asiri, ka miƙo hannu ka jawo tsohon da ba ta rufa masa ba.

Wannan ice ya zame mana masifa. Da ma wuta ta cinye shi tun yana daji.

Ina jiran bidiyon. Yaya Saude tana Kura wurin aiki, amma ta ce ko ƙarfe nawa ya shigo za ta hau babur ta kawo.

Sabi'u

*

Houston
Asabar, 27 ga Janairu

Sabi'u,

Salam. Ina fata jariri ya warware. Na yi shiru ne don kwana tara ina juya maganarka, ko abinci ba na iya ci sosai. Rukayya ma ta gane, mun yi faɗa.

Na yi abin da ya kamata. Ka ce icen ne masifar, ka ce da ma wuta ta cinye shi. Gaskiyarka. Jiya na cire ƙotar, na yanka ta gida huɗu da zarto, na ƙona ta a murhun gashin nama a bayan gida. Ƙirya ce, sai da ta kai la'asar tana ci. Na tsaya a kai har ta zama toka, ga hoton tokar nan na haɗo. Wallahi sai da na yi hawaye, don ban taɓa mallakar abu mai kyau kamarta ba. Na mayar da ta roba.

Yanzu babu wata bindiga a duniya mai ƙafar zabo. Babu abin da zai haɗa Baba Dattijo da ni, ko ni da kai. Ka gaya wa lauya ya ce hoton haɗi ne na kwamfuta, yanzu ana yin irinsu da yawa. Ba su da abin da za su nuna a kotu.

Na san kana fushi, amma ka ga ni ma na yi asara.

Alamin

*

Gangaren Dinya
Lahadi, 28 ga Janairu

Alamin,

Lafiya muke, in wannan ce lafiya.

Yaya Saude ta karanta min wasiƙarka a bakin gona, na ce ta sake, don na ɗauka kunnena ne. Ni aji huɗu na yi a firamare, kai kana da digiri biyu. Gaya min, a cikin wasiƙata mai shafi uku, layi ɗaya ka gani? Wanda na ce ka nuna ta da fuskarka, sau nawa na rubuta shi? Wannan bai shiga idonka ba sai na wuta, don shi ne wanda zai fisshe ka.

Abu ɗaya tak a duniya da zai nuna ƙotar nan ba ta dajin Bunkure, shi ka sa a murhun tsire. Ka turo min toka. In kai musu toka in ce ga shaida? Tokar murhun matata ma haka take.

Kuma in ce hoton ƙarya ne, alhali gwajin rimi yana kan teburinsu, sak irin na hoton? Ka yi min ƙarya na kai wa tsoho, yanzu kana so in ɗauki wata in kai wa hukuma.

Ka ce ka yi asara. Kwana ashirin da ɗaya.

Haƙurin da kake yabona da shi, na gane amfaninsa a wurinka. Gobe in na sallami masu tsinkar tumatir zan je wurin Kawu.

Sabi'u

*

Houston
Litinin, 29 ga Janairu

Sabi'u, don girman Allah ka tsaya. Na kira wayarka sau goma sha biyu ba ka ɗauka ba. Ban yi tunani ta wannan fuskar ba, na rantse, tsoro ne ya rufe min ido. Ka ba ni sati biyu in nemi lauya a nan ya rubuta takarda ba tare da sunana ya fito ba. In Babana ya ji, wani abu ya same shi, kai ka jawo. Ka tuna zumunci. Ka tuna ni na koya maka keke.

Alamin

*

Gangaren Dinya
Alhamis, 8 ga Fabrairu

Alamin,

Assalamu alaikum. Jariri ya warke. Kawu yana nan da ransa da lafiyarsa, babu abin da ya same shi, sai dai ya daina zama a dakalin ƙofar gida.

Na je wurinsa ranar da na ce. Na gaya masa komai, har da nawa laifin. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Tun yaushe ka sani?" Na ce tun ranar farko. Ya ce, "Kai ma ka iya." Wannan kalma ta fi min zafi da duk abin da ya biyo baya. Sai ya ce a miƙo masa hularsa.

Ba mu je wurin jami'an tsaro hannu wofi ba. Rasit ɗin kamfanin aika kaya yana cikin akwatina, da sunanka da adireshinka a jiki. Wasiƙunka uku kuma Yaya Saude ta buga su a takarda a Kura, har da hoton tokar. Kai da kanka ka rubuta wata takwas, da shago mai lasisi, da tabarmar Inna, da cewa ka ce min ado ne. Shaidar da ka hana mu da fuska, ka ba mu ita da alƙalami.

Mu huɗu muka shiga, ni da Kawu da lauya da Mai unguwa Uba. Da aka zo wurin suna na buɗe baki, Kawu ya ɗaga min hannu. Shi ya faɗa, cikakke, har da sunan kakanka, ya ce, "Ɗana ne, ni na haife shi, ku rubuta." Ni sun riƙe ni kwana biyu suna tambaya, ɗaki ɗaya da Baba. Da ya gan ni cewa ya yi, "Kai yaron nan ba ka jin magana. Wa ka bar wa ruwa?"

Shekaranjiya Talata aka ba da belinsa, Kawu da Mai unguwa suka tsaya masa. Kwana talatin. Magana ba ta mutu ba, duk Litinin ni da shi za mu je mu sa hannu, kuma gizago da ƙarfen tambari suna can. Sunanka yana fayil. Abin da zai faru in ka sauka ban sani ba, kuma ba zan ce maka na damu ba.

Jiya da safe Kawu ya ce in raka shi rumfar. Mun tarar Baba yana zaune a kan gungume, ƙafafunsa a cikin roba da ruwan ɗumi, hannunsa ba komai. Ban taɓa ganin hannun nan ba komai ba. Mahaifinka ya jingine sanda, ya cire hula, ya durƙusa a kan ɓawon ice da ƙafar nan tasa mai ciwo. Mutumin da ko gaban hakimi daga tsaye yake gaisuwa. Ya ce, "Dattijo, gidana ya cuce ka."

Baba ya ce, "Tashi, Maharazu, kada ka sa ni kuka gaban yara. Ba kai ka kawo zane ba." Sai da ni da Godiya muka kama shi kafin ya iya miƙewa.

Sannan Baba ya juyo wurina. Na ɗauka yanzu zan sha abin da na cancanta. Sai ya ce, "Sabi'u, ban samu na tambaye ka ba a can, mutane sun yi yawa. Ta zauna masa daidai a kafaɗa? Don wurin lanƙwasar nan na yi shakka, zanen bai fito sosai ba."

Ashe babu wanda ya gaya masa. Na duba Godiya, ta kau da kai. Na ce, "Baba, ta zauna. Ya ce har mutane suna taruwa suna shafawa." Ya yi murmushi, ya ce, "To." Da na yi shiru a nan. Amma na gaji da kai wa tsohon nan maganar da ba ita ba, sai na ce, "Baba, ya ƙone ta."

Ya daɗe yana kallon ruwan da ƙafarsa take ciki. Ya ce, "Da zarto ya fara, ko haka ya sa ta?" Na ce da zarto. Ya ce, "Ƙiryar nan tun Godiya tana goye na ajiye ta." Ya ciro ƙafafunsa, ya shiga gida ba takalmi, bai sake fitowa ba har muka tafi.

Na rubuta maka ne don kada wata rana ka ce ba a gaya maka ba, ko ka ce Sabi'u ya ƙara gishiri don yana fushi. Ba ni kaɗai ba ne a wurin. Akwai Godiya. Akwai Mai unguwa Uba, da Yaya Saude, da Salama matar ƙanin Baba da ta kawo ruwan ɗumin, da Abdulsamad direba da ya tsaya da lodin kwanduna a bakin hanya ya kashe mota. Akwai mahaifinka, da hularsa a hannu. Lambar kowannensu tana wayarka, sai ka zaɓi wanda za ka iya kira.

Sabi'u